Na Gidan Wa Ne?

Yau zancenmu na sana'a ne, kuma zan soma shi da wata 'yar tambaya wadda kowaccenku ta sha ji a ƙofar gida.

Yarinya ta ɗauko tallan ƙuli-ƙuli ko daddawa, ta tsaya a zaure ta yi sallama. Tun ba a tambayi kuɗi ba, tun ba a ɗaga faifan da aka rufe kwano da shi ba, sai ki ji an ce, "Ke yarinya, na gidan wa ne?" In ta ambaci wani gida, sai a ce ta shigo da shi, ba a ko ɗanɗanawa. In ta ambaci wani gidan kuwa, sai a ce, "Allah ya ba da kasuwa," watau ta yi gaba. To, me ya raba gidajen nan biyu? Gyaɗar ɗaya ce, a kasuwa ɗaya aka auno ta, watakila ma inji ɗaya ya niƙa musu.

Kun dai sani, macen da ke sana'a a cikin gida ba ta da rumfa, ba ta da allon da aka rubuta sunanta, mai saye kuma bai taɓa ganin fuskarta ba. Kayanta ne fuskarta. Wata Baturiya masaniya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967, ta ga yadda hatsi da mai da dafaffen abinci ke yawo daga gida zuwa gida a kan 'yan yara, mata na saye suna sayarwa ba tare da sun taka waje ba. Da ta rubuta labarin a 1969, sai ta kira shi ɓoyayyen ciniki. A gare ta ɓoyayye ne. A gare mu kuwa ba abin da ya fi shi zama a fili, gama babu unguwar da ba a san wadda furarta ke da tsakuwa ba, da wadda ba a taɓa mayar mata da kaya ba.

Bari mu ɗauki man gyaɗa, tun da ya ke ita ce sana'ar da na buɗe ido na tarar a gidanmu. A kan auno gyaɗa ɓararriya, a baza a tabarma a zauna a tsince ta, a fid da tsakuwa da ruɓaɓɓa da wadda ƙwaro ya huda. Sa'an nan a soya ta da rairayi har ta yi ja, amma kada ta ƙone. A murje, a sheƙe, a kai inji. In ƙullun ya dawo, a zuba a turmi, ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa, har hannu ya gaji, har mai ya taso sama a kwashe. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita a ke sa wa gishiri a murza a soya, ta zama ƙuli-ƙuli. Iyayenmu su kan ce mai shi ke mayar da uwar kuɗi, ƙuli shi ne riba.

Duk wadda ta san wannan aiki ta san ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, ta kuma san ƙofofin da algus ke shiga. Akwai mai ƙara man kanti mai araha a cikin nata, ta ce duk na gyaɗa ne. Akwai mai zuba garin rogo a tunkuza don ƙuli ya yi auki. Akwai mai juye man da ta riga ta yi suya da shi a cikin sabo. Akwai mai kwalba biyu, ta saye da ta sayarwa. Amma wanda ya fi duka muni, wanda kuma ba mu ɗauke shi algus ba, shi ne ƙin tsinta. Mace ta ga ruɓaɓɓar gyaɗa ta kai rabin kwano, ta ce asara ce a zubar, ai wuta za ta kashe kome.

Wuta ba ta kashe shi. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar abincin da a ke ba su an haɗa shi da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, gyaɗar kuwa ta yi fumfuna. A cikin fumfunar nan aka gano wata guba da a ke kira aflatoksin. Suya ba ta kawar da ita, kuma in an matse mai, yawancinta a cikin tunkuza ta ke zama. Likitoci sun tabbatar tana cin hanta, har ta kan jawo ciwon daji. Yanzu ku tambayi kanku, wa ya fi kowa cin ƙuli-ƙuli a gari? Yara ne, har da naki, har da na maƙwabciyarki. Malamai sun sha karanta mana Suratul Muɗaffifin a kan masu tauye mudu, sun kuma ba mu labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu a tsibin hatsin wani mutum a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya yi masa faɗa. Ni a ganina ruɓaɓɓar gyaɗar da aka niƙe ta ɓace a cikin ƙullu ta fi jiƙaƙƙen hatsin nan ɓuya.

Watakila wata ta ce, "To, in na yi algus ai ni kaɗai zan rasa masu saye, ina ruwan wata?" Ga abin da ya faru a unguwarmu shekarun baya, a kan idona.

Wani mai tsire a bakin tasha ya aiko yana neman wadda za ta riƙa ba shi jarkar mai guda da ƙuli na yaji kowane mako. Ba macen da ke da jari ko ƙarfin yin wannan ita kaɗai. Sai mata biyar suka haɗa kai. Maimakon kowacce ta aika a auno mata mudu biyu ko uku da tsada, suka haɗa kuɗi, mijin ɗayarsu ya sayo musu buhu sukutum a kan farashin sari. Su raba, kowacce ta matse nata a gidanta, ran Alhamis a tara a jarka guda a kai. Kai, abin ya yi kyau! Wadda ba ta taɓa riƙe kuɗin akuya ba ta sayi akuya. Wata ta soma tara wa 'yarta kwanoni.

Ana nan, ran nan sai ga yaron mai tsire ya dawo da jarka ko rabi ba a sha ba. Ya ce maigidansa ya ce man ba ƙamshin gyaɗa, masu cin tsire sun fara magana, kada a sāke kawowa. To, mai ya riga ya gauraya, wa za a kama? Nan fa zargi ya tashi. Matan da ke cin tuwo a kwano guda suka koma gaisuwa ta kan katanga, daga baya ma aka daina. Abin da ya fi ba ni takaici, zargin ya fi faɗawa a kan wata amarya baƙuwa, ba don an gan ta da kome ba, sai don ba ta da dangi a garin da za su tsaya mata. Yarinyar nan ta yi kuka har idonta ya kumbura. Wake ɗaya ya ɓata gari, aka kuma rasa wane wake ne.

Wata tsohuwa da duk mu ke kira Iya ita ta kashe wutar. Ta tara su a ɗakinta, ba ta tambayi wadda ta yi ba, ba ta sa kowa rantsuwa ba. Ta ce, "'Ya'yan nan, kun haɗa jarka ba ku haɗa turmi ba. In za ku ci gaba, to a yi aikin a tsakar gida ɗaya, kamar gayya, ido na ganin ido." Ta dubi kowacce ta ba ta abin da ta fi iyawa. Wadda ba ta taɓa ƙona gyaɗa ba ta tsaya a murhu. Mai ƙarfin damtse ta kama turmi. Amaryar nan, ashe ba mai murza ƙuli siriri mai garas-garas irin nata, sai aka bar mata wannan. Tsinta kuwa kowa da kowa, a tabarma guda, kuma ruɓaɓɓar a zuba ta a murhu a gaban kowa don kada ta koma ta bayan gida.

Bayan mako biyu ɗaya daga cikinsu ta aiko cewa ciwon baya ya matsa mata, ta janye. Aka yi mata sannu, ba wadda ta ƙara kome a kai. Mai tsire kuwa bai waiwaye su ba sai da damina ta wuce, bayan ya ji labarin man a bakin masu ƙosai. Wata shida ke nan na ciniki suka tafi saboda 'yan kwalabe na man kanti.

Akwai kuma wata cuta da ke damunmu wadda ba ta kai algus laifi ba, amma tana karya jari kamar shi, watau kwaikwayo. Yau wata ta fara awara a lungu, ta sami kasuwa. Kafin sati biyu gida bakwai na suyar awara, har da wadda kowa ya san hannunta a dambu ya ke, ta watsar da dambun. Masu saye ba su ƙaru ba, sai a shiga karya wa juna farashi, a ƙarshe kowacce ta ci jarinta. Da mai dambu ta riƙe dambunta, mai zoɓo ta riƙe zoɓonta, da yarinya ɗaya ma ta isa ta ɗauki na gida uku a tire guda, mai sayen wannan ya haɗa da wancan.

Duk sa'ad da na ga haka na kan tuna da matar da ke bayan takardar N20. Ku ciro ta ku duba, za ku gan ta zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda mu ke kira Gwari, daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, da hannu, ba na'ura. Randunanta suka yi suna har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara waɗansu a gidansa. Abujan da a ke nufi a nan ita ce Suleja ta yanzu. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a garin, Ladi kuwa ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a cikin maza.

Abin lura shi ne abin da ta ɗauka da abin da ta ƙi saki. Ta koyi gini a kan faifan nan mai juyawa, ta koyi shafa wa tukunya ruwan da ke sa ta ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Amma manyan randunanta ta ci gaba da gina su da hannu yadda aka koya mata a gida, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya, irin zanen mutanenta. Su ne aka kai Landan aka nuna a 1958, su ne suka kai ta Amurka a 1972, su ne suka sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta zauna a aji ba. Ta rasu a 1984, waɗansu mata kuma sun bi sawunta sun shiga wurin. Da ta ce tukunyar Gwari ƙauyanci ce ta koma kwaikwayon kofunan Turawa kaɗai, da wa zai tuna da ita?

Wani abu kuma da ya burge ni. Tukwanen wurin nan hatimi biyu a kan buga musu a gindi: ɗaya na gidan aikin, an rubuta Abuja da ajami, ɗaya kuma na wanda ya gina, nata haruffa biyu ne na farkon sunanta. Ga tanderu na kowa, ga yumɓu na kowa, amma in tukunya ta yi kyau an san hannun da ya yi ta, in ta ɓaci ma an sani. Da matan unguwarmu sun san wannan dabara, kowacce ta kai nata man a kwalbarta da alamarta, da amarya ba ta yi kukan banza ba.

Sauran magana ta kuɗi ce, gama a nan zumuncin mata ya fi yawan tsinkewa. Adashi mun gaje shi kaka da kakanni, ya kuwa aurar da 'ya'ya da yawa. Amma kowa ya san lahaninsa. Wata ta kwashi farko, sai zubi ya gagare ta. Wata uwar adashi ta taɓa kuɗin ta ce za ta mayar, ranar kwasa ta zo a shiga 'yan kame-kame. Har wa yau kuɗin ba ya zuwa ranar da ki ke bukatarsa, sai ranar da layi ya zo kanki. Gyaɗa ta yi araha da kaka, ke kuwa kwasarki sai bazara.

'Yan'uwanmu na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun sami hanyar gyara wannan. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ta zauna da matan ƙauyuka suka gina wani tsari a kan adashin da suka riga suka sani, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu ko dala daga waje ba, kuɗinsu ne. Mata kamar 15 zuwa 30 waɗanda suka san juna su kan haɗu sau ɗaya a mako, kowacce ta kawo zubinta. Kuɗin a akwatin ƙarfe ya ke, mai ƙwado uku. Makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban taro. A ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla kowa ya ji, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi nawa aka bari. Da ya ke yawancinsu ba su yi boko ba, da ka su ke riƙe lissafin a farkon al'amari. Wadda ke son jari ta nema a gaban kowa, ta faɗi abin da za ta yi da shi da ranar biya. In shekara ta kewayo a fasa asusu a raba, a sāke sabon zubi.

Ku duba ku gani, ba cewa aka yi matan Maraɗi sun fi sauran mata tsoron Allah ba. An dai shirya abin ne yadda mai gaskiya ba za a zarge ta ba, mai rauni kuma ba za ta sami kanta ita kaɗai da kuɗin jama'a da tsakar dare ba. Shawarar Iya ce, aka yi ta da ƙarfe. Tsarin nan da ya tashi daga ƙasar Hausa ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya, miliyoyin mutane na bin sa. A Nijar ma waɗansu matan da suka koyi magana a gaban akwatin nan sun tsaya takara an zaɓe su kansiloli a 2004 da 2011.

Sai dai in ja kunnenku a kan abu guda. Ƙungiyoyi da yawa su kan ɗora ɗan ƙari a kan rance, wannan kuwa magana ce ta riba, kada ku shige ta sai kun tambayi malamai. Akwai hanyoyin da ba su da wannan shubuha. Ƙungiya ta iya sayen gero ko gyaɗa da kaka ta adana ta sayar daga baya, ko ta sayi injin niƙa, ko ta ba ɗaya daga cikinta jari a kan za a raba riba, in an faɗi kuma a ɗauki asara tare. Ba sabon abu ba ne mace ta ba da dukiyarta a juya. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce a Makka, kuma labarin gaskiya da riƙon amana ne ya sa ta damƙa wa Manzon Allah kayanta ya kai Sham tare da yaronta Maisara, tun kafin aure ya shiga tsakaninsu.

Yanzu talla ta fara komawa cikin waya. Mace na ɗakinta ta ɗauki hoton turarenta ko yajinta ta sa a WhatsApp, a saya daga wani gari. Madalla da wannan. Amma na ga masu ɗauko hoton kayan wata su ce nasu ne, kaya ya iso a ga kallon kitse aka yi wa rogo. Ki ɗauki hoton naki, ko da kwanon bai kai na wata kyau ba. In kuma sana'a ta girma har kuna ɗurawa a roba kuna liƙa takarda don kai wa kantuna, ku sani akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, mai duba abinci da magani ta ba da lamba. Ɗawainiyar neman lambar nan da gyaran wurin aiki ta yi wa mace ɗaya nauyi, amma mata goma masu tsakar gida ɗaya za su iya.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aikin, kada ku ce sana'ar tsofaffi ce hayaƙi zai ɓata muku farin kaya. Ku sami littafin rubutu guda sabo, ku ja layi huɗu a kowane shafi: kwanan wata, abin da aka saya, abin da aka sayar, da wanda ya karɓi bashi. Ku sa har kuɗin itace da na niƙa da na gishiri, gama su ne iyayenku kan manta, su ga kuɗi a hannu su zaci riba ce. Ran taro ku karanta musu da ƙarfi, a hankali, da Hausa, yadda wadda ba ta iya karatu ba za ta iya cewa, "Tsaya, 'yar nan, maimaita wannan." A unguwarmu 'yar aji shida ce ta riƙe littafin matan nan, kuma ita ta fara gano cewa kuɗin itace yana cinye musu kusan ribar ƙuli gaba ɗaya, suka koma haɗa ɓawon gyaɗa a murhu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke shanya gyaɗa da adana ta don kada ta yi fumfuna a ɗaka. Wadda ke da dabarar da ta gada a wurin kakarta, ta aiko mana mu buga.